Mujallar Aji a Kan Kiɗan Fada

Ranar salla da hantsi, unguwar Birni ta Damagaram takan cika maƙil. Sarki ya hau, dawaki sun sha ado, dogarai suna gaba. Amma tun kafin ido ya ga sarki, kunne ya riga ya sami labari. Kakaki yana kira, algaita tana amsawa, ganguna suna biye. In an tashi, kowa ya koma gida, sai fili ya yi tsit. Kiɗa ya bi iska.

Abin da makaɗan fada suka sani ba a littafi yake ba, a ka yake. Ɗa ya koya wurin uba, uba ya koya wurin kaka. In tsoho ya rasu ba wanda ya tambaye shi, ya tafi da saninsa ke nan. Saboda haka ƴan aji guda suna iya yin aiki mai amfani ƙwarai. Suna iya shirya ƴar mujalla da hannunsu, su rubuta abin da suka gani, da abin da makaɗa suka gaya musu.

Sai dai mujalla kamar ɗaki take. Magini ba ya aza tubali sai ya ja zane a ƙasa. Haka nan ba a fara rubutu sai an tsara.

1. Mene ne kiɗan fada?

Kiɗan fada shi ne wanda ake yi wa sarki da sarakunansa. Ba a yin sa don rawa a dandali. Yana da lokaci, yana da ƙa'ida, yana da masu shi. Ana yin sa ranar naɗin sarauta, da ranar hawan salla, da lokacin da babban baƙo ya zo. A fadoji da yawa na ƙasar Hausa akan yi shi kuma daren Juma'a a ƙofar fada. Wannan shi ake kira sara.

Kayan kiɗan fada iri biyu ne manya. Akwai na busawa, kamar kakaki da algaita da farai da ƙaho. Akwai na bugawa, kamar tambari da ganga da kotso da taushi da kuge. Wasunsu sun daɗe ƙwarai. Tarihin Kano ya ce an fara busa kakaki a can zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499.

Ba ƙasar Hausa kaɗai ke da irin wannan kiɗa ba. A Turai ma sarakuna sun riƙe makaɗa a gidajensu. Wani mutumin Ostiriya, Joseph Haydn, ya shiga aikin gidan sarautar Esterhazi a 1761, ya yi kamar shekara 30 yana shirya musu kiɗa. Irin kiɗansa, da na Mozart da Beethoven, shi ake kira kiɗan kilasik. Bambancin shi ne, su sun rubuta kiɗansu a takarda da alamomi bisa layi biyar. Shi ya sa har yanzu ana buga shi yadda suka tsara. Na fadojin Hausa kuwa baki ne ya riƙe shi, da kunne.

2. Tambayoyi uku

Ranar farko malam yakan rubuta tambayoyi uku a allo. Ƴan aji su yi shawara, su amsa tare.

Ta farko: wa zai karanta? In ƴan makaranta ne da iyayensu, to, a yi jimla gajera, baƙaƙe manya, zane da yawa. Wasu iyayen ba su karanta boko ba, ƴaƴansu ne za su karanta musu. Don haka rubutun ya zama mai daɗin ji a kunne.

Ta biyu: me za a sa a ciki? Nan ne akan yi gardama. Wani yana son kalangun mahauta, wata tana son waƙar gaɗa, wani yana son goge. Duka suna da kyau, amma ba za su shiga fitowa ɗaya ba. Wanda ya ce zai haɗiye gatari, sai a riƙe masa ƙota. A zaɓi abu ɗaya: kiɗan fadar Damagaram. Sauran a ajiye su don fitowa ta gaba.

Ta uku: guda nawa za a buga? Amsar wannan tana wurin takarda.

Bayan haka sai a raɗa wa mujalla suna. Suna mai kyau gajere ne, kuma yana nuna abin da ke ciki. A shekarun 1970, ma'aikatar yaƙi da jahilci ta Nijar ta buga ƙananan jaridu cikin harsunan ƙasa, kamar Ganga da Muryar Damagaram. Wanda ya zaɓi sunan Ganga ya yi tunani, gama da ganga ake tara mutane in za a yi shela. Kowane ɗalibi ya kawo suna ɗaya, a rubuta a allo, a ɗaga hannu.

3. Lissafin takarda

Takardar da aka fi samu a kanti ita ce mai faɗin santimita 21 da tsawon santimita 29,7. In aka naɗe ta biyu, sai ta ba da shafi 4: biyu a gaba, biyu a baya. Ke nan yawan shafukan mujalla dole ya rabu da 4. Ana iya yin shafi 8, ko 12, ko 16. Ba a iya yin shafi 10 ko 15 ba tare da an bar wani fili wofi ba.

A ce aji ya zaɓi shafi 16. Kowace mujalla za ta ci takarda 4. Ƙunshin takarda guda, wanda ake kira ram, yana ɗauke da 500. In za a buga mujalla 100, takarda 400 ta tafi, saura 100 don gwaji da abin da zai lalace. Amma in aka ce shafi 24, kowace mujalla za ta ci takarda 6, watau 600 ke nan. Ram guda ba zai isa ba. Gara a san wannan tun ranar farko, da a sani ranar bugawa.

Akwai wani abu kuma da ke ruɗa mai koyo. Shafi na 1 ba ya zama kusa da shafi na 2 a fuskar takarda ɗaya. Don a gane, sai a ɗauki takarda 4 marasa amfani, a haɗa su, a naɗe biyu, a rubuta lamba daga 1 zuwa 16. Sa'an nan a warware su a duba. Ga abin da za a gani:

Takarda ta 1: 16 da 1 a gaba, 2 da 15 a baya.
Takarda ta 2: 14 da 3 a gaba, 4 da 13 a baya.
Takarda ta 3: 12 da 5 a gaba, 6 da 11 a baya.
Takarda ta 4: 10 da 7 a gaba, 8 da 9 a baya.

Kowane shafi biyu da ke maƙwabtaka, in an tara lambarsu, 17 ake samu. In lissafi bai ba da 17 ba, an yi kuskure. Wannan ƴar mujallar gwaji ita ce samfur. A rataye ta kusa da allo har aiki ya ƙare.

4. Me zai zauna a ina?

Yanzu sai a ba kowane shafi aikinsa, a rubuta da fensir cikin samfur. Ga misali:

Shafi na 1: bango. Suna, lambar fitowa, wata da shekara, sunan makaranta, da zane guda babba.
Shafi na 2 da na 3: jerin abin da ke ciki, da gabatarwa.
Shafi na 4 da na 5: tarihin Damagaram a taƙaice.
Shafi na 6 da na 7: kayan busawa.
Shafi na 8 da na 9: babban zane.
Shafi na 10 da na 11: kayan bugawa.
Shafi na 12 da na 13: hira da makaɗi.
Shafi na 14: kiɗan fadar wasu ƙasashe.
Shafi na 15: ƙaramin ƙamus.
Shafi na 16: kacici-kacici da godiya.

Me ya sa babban zane yake shafi na 8 da na 9? Domin su kaɗai ne shafuka biyu masu bin juna da ke fuskar takarda ɗaya. Zane ba zai yanke a tsakiya ba. Nan ne kakaki zai miƙe da tsawonsa duka.

Shafin tarihi kada ya yi nisa da kiɗa. A faɗi abin da zai taimaki mai karatu kawai. Damagaram ta daɗe tana bin Barno, shi ya sa sarautu da al'adun fadarta suka haɗa na Hausa da na Barebari. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa, ya ƙarfafa ƙasar. A 1899 aka yi yaƙin Tirmini zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, Faransawa suka ci garin. Mulki ya sake, amma ba a daina busa wa sarki kakaki ba. Mawaƙa irin su Ma'azu Ɗan Alalo sun ci gaba da tuna wa mutane sarakunan da suka wuce.

5. Fuskar shafi

Mujallar makaranta mai harshe biyu tana da Hausa da Faransanci. Hanya mai sauƙi ita ce a sa Hausa a shafin hagu, Faransanci a shafin dama, su fuskanci juna. Mai karatu ya duba nan, ya duba can. Ba a sake wannan tsari daga farko har ƙarshe.

A bar gefe na santimita ɗaya da rabi ko'ina, don kada inji ya yanke baƙaƙe, ko ɗinki ya cinye su. A ja layi da fensir, a rubuta da baƙin alƙalami, sa'an nan a goge layin. Kan magana ya fi sauran rubutu girma, kuma girmansa ya zama ɗaya a kowane shafi.

Kafin marubuta su fara, a ƙidaya musu wuri. In layi yana ɗaukar kalma 8, shafi kuma yana da layi 20, to, kalma 160 ke nan. In zane ya ci rabin shafi, saura kalma 80. Wanda ya kawo kalma 200, sai ya koma ya rage. Ba a matse rubutu don a faranta wa marubuci rai.

A lura da baƙaƙe masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Tsofaffin injinan rubutu na ofis ba su da su, sai da hannu ake ƙara lanƙwasar. In da kwamfuta ake aiki ma, a duba ko sun fito. Kuskuren nan ba ƙarami ba ne. Gaɗa wasan ƴan mata ne, gada kuwa naman daji ce. Mai busa yana busawa da baki, ba da baƙi ba.

Sunayen kayan kiɗa ba a fassara su. Algaita ƴar'uwar hautbois ce ta Turawa, gama dukansu da ɗan haki biyu ake busa su, amma ba ɗaya suke ba. A shafin Faransanci ma algaita za a rubuta, a bi ta da bayani.

6. Yadda ido zai ji kiɗa

Ga babbar wahalar wannan aiki: takarda ba ta da murya. To, yaya mai karatu zai ji abin da bai ji ba? Akwai dabara uku.

Ta farko ita ce zane mai gaskiya. Ba a zana kakaki shi kaɗai. A zana shi a bakin mai busa, don a ga ya fi mutum tsawo. A nuna inda ake haɗa shi da inda ake raba shi. A nuna ba shi da ramin yatsa ko ɗaya. Ita kuwa algaita, a nuna jikinta na icce da aka rufe da fata, da ramukanta, da ɗan faifan da ke tokare leɓe. A zana kumatun mai busa a kumbure. Dalili kuwa, yana tara iska a kumatu, yana shaƙar wata ta hanci, don haka busa ba ta yankewa. A ja kibiya zuwa kowane sashe, a rubuta sunansa yadda makaɗi ya faɗa. Zane da baƙin layi ya fi hoto fita a inji, domin hoto yakan yi duhu.

Ta biyu ita ce kwatance. Marubuci ya saurara da kyau, ya nemi abin da ya yi kama da muryar. Tambari yana da nauyi kamar cida daga nesa. Kuge yana da kaifi kamar maƙera. Kada kowa ya rubuta "yana da daɗi" ya tsaya nan. Wannan bai gaya wa mai karatu kome ba.

Ta uku ita ce alamar hawa da sauka. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kukan yaro da kukar miya baƙaƙensu ɗaya, amma a ta farko murya tana sama duka, a ta biyu tana farawa sama ta sauko. Ganga tana bin wannan hawa da sauka, shi ya sa ake cewa tana magana. Maganar da take yi wa wani basarake ita ce takensa. Ɗalibi ya roƙi makaɗi ya faɗi taken da baki, a hankali. Ya rubuta kalmomin, ya ja layi a bisansu. Gaɓar da ta hau, ya sa mata ɗigo a kan layi. Wadda ta sauka, ya sa mata ɗigo a ƙarƙashi. Mai karatu yana iya bin ɗigon, ya buga a kan tebur da yatsa.

7. Zuwa wurin makaɗa

Ba a rubuta abin da aka ji a titi. Sai an je wurin masu abu. Malam ya fara zuwa ya nemi izini wurin shugaban makaɗa, a sa rana. Yara uku ko huɗu sun isa, tare da malam. Ba a zuwa hannu sake, a riƙe ɗan goro. A tuɓe takalma, a durƙusa a gaisa. Mai sarauta da sarautarsa ake kiransa, tsoho kuwa a ce masa Baba.

A shirya tambayoyi tun a aji, gajeru, guda biyar ko shida. Misali:

"Baba, a hannun wa ka koyi busa?"
"Shekara nawa ka yi kana koyo kafin a bar ka ka busa gaban sarki?"
"Wa ke ƙera wannan, kuma da me?"
"Wace rana ce ba a busa shi?"

Ɗaya ya yi tambaya, biyu su rubuta cikin kaye, ɗaya ya yi zane. Ba a taɓa kayan kiɗa sai an ce a taɓa. Tambari kayan sarauta ne, ba kowa ke sa masa hannu ba. In makaɗi ya ce wannan magana ba ta takarda ba ce, to, a bar ta. In za a ɗauki murya ko hoto da salula, a tambaya tukuna.

Kafin a buga, a koma a karanta masa abin da aka rubuta. Sunan mutum, da sunan mahaifinsa, da sarautarsa, ba a yin kuskure a kansu. Magana zarar bunu ce. In ta fita a mujalla 100, ba mai mayar da ita.

8. Raba aiki da bugawa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A raba aji ƙungiya biyar: masu hira, masu rubutu da Hausa, masu juyawa da Faransanci, masu zane, da masu gyara. Ƴan mata da samari su shiga kowace ƙungiya. A zaɓi ɗalibi guda ya riƙe samfur, ya riƙa sa alama a shafin da ya kammala.

Mako shida sun isa. Mako na 1, shawara da samfur. Na 2, hira. Na 3, rubutu da zane. Na 4, fassara da gyara. Na 5, kwafa mai tsabta. Na 6, bugawa da ɗinki. In salla ta faɗo cikin makonnin farko, ya fi kyau, gama masu zane za su ga hawa da idonsu.

Yara su buga jaridarsu ba sabon abu ba ne. A 1924 wani malamin ƙauye a Faransa, Célestin Freinet, ya kawo ƙaramin injin ɗab'i cikin ajinsa, ɗalibansa suka riƙa buga abin da suka rubuta. Makarantun da ba su da kuɗin inji sukan yi amfani da limogaraf. Wannan katako ne mai kusurwa huɗu da aka ɗaure wa ƙyalle mai laushi. A rubuta a kan sitansil, a shimfiɗa shi, a murza tawada, sai rubutu ya fito a takardar da ke ƙasa. A shekarun 1970 da 1980 ofisoshi da yawa da injin roneyo suke aiki. Daga baya fotokopi ya maye gurbinsa. Ko da wanne za a buga, a fara fitar da guda ɗaya, a naɗe, a duba lambobi, kafin a saki sauran. Sa'an nan a ɗinke tsakiya da zare da allura.

Mujallar farko da ta fito ba ta malam ba ce, ba ta direkta ba ce. Ta makaɗin da ya ba da lokacinsa ce. Yara su kai masa har gida, su karanta masa, su nuna masa zanensa. A ajiye guda biyu kuma cikin akwatin makaranta. Wata rana jikansa zai zo aji, ya buɗe, ya ga sunan kakansa da abin da ya faɗa.

Tambayoyi

1. Me ya sa sanin makaɗan fada yake iya ɓacewa?
2. Waɗanne ne kayan busawa, waɗanne ne na bugawa?
3. Mujalla mai shafi 12 takarda nawa za ta ci? In za a buga 80, takarda nawa ke nan?
4. A mujalla mai shafi 12, wane shafi ne zai zauna kusa da na 1?
5. Don me ake komawa a karanta wa makaɗi abin da aka rubuta?

Aiki

A ɗauki takarda 2, a naɗe, a yi samfur mai shafi 8. A zaɓi abin kiɗa ɗaya da ake bugawa a unguwa ko a ƙauye. A zana shi tare da mai shi, a rubuta jimla biyar a kansa da Hausa.